Jan Littafin Gwaggo Ya Rasu A Bakin Almakashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ƙyama ta cike ɗan gurbin da baƙin cikin ya rage, nake sanar da dangi, da abokan sana'a, da duk matar da ta taɓa tsayawa a shagonmu aka zagaya mata tef a ƙugu, rasuwar Jan Littafi, kundin zanen ɗinki na Gwaggona. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya a duniya. An tabbatar da rasuwarsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin yanka, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya ce masa sannu. Ya zo duniya da shafi ɗari biyu da arba'in. Goma sha tara na tarar.

Roƙo ɗaya kafin komai. Mai littafin tana raye, kuma har yanzu ba ta sani ba. Idanunta sun daina gani shekara shida ke nan, saboda haka ba za ta karanta wannan takarda da na manna a ƙofar shago na kuma tura wa dangi ta waya ba. Kada wani mai saurin baki ya riga mu zuwa ɗakinta. Akwai wanda nauyin gaya mata ke kansa, kuma zan zo kansa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: Gwaggo, yayar mahaifina, ta saye shi a shekarar da ta fara ɗinki a kusurwar ɗakinta da keke ɗaya na ƙafa. Babban littafi ne mai jan bango, takardarsa mai kauri, marar layi. Ba ta taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai ta zana rigar a cikinsa da fensir, ta maƙala ƙyallen yadin a gefe da fil, sannan ta rubuta a ƙasa inda ta ga abin. Wannan layin na ƙasa shi ne ran littafin. A wani shafi ta rubuta: "Daga mai sayar da kifi, yadda take naɗe hannun riga sau biyu ta soke a ciki." A wani: "Ƙarfen tagar asibiti, kwanakin da na yi jinyar Baba." A wani kuma: "Sawun da ruwan sama ya bari a bangon maƙwabta." Akwai aljihun da ta ɗauko daga rigar wani kwandastan mota, wanda ya ɗinka nasa a karkace don kada abin ciki ya zube idan ya rataya a ƙofa. Akwai wuyan rigar da ta samo daga bakin kofin da ya ɓantare. Waɗannan su ne taurarin Gwaggo. Ba ɗayansu da ya san an kalle shi, ba ɗayansu da ya taɓa tsayawa a gaban mai hoto.

Marigayi ya kasance mai sanin mutane. Idan mace ta kawo yadi, Gwaggo ba ta tambayar ta salon da take so. Sai ta sa ta taka daga ƙofa zuwa taga, ta zauna, ta miƙe, ta ɗaga hannu kamar za ta sauko da kaya daga saman kwaba. Sai bayan nan tef ke fitowa. A cikin littafin akwai shafin wata malamar makaranta, da hammatar da aka buɗe mata don ta yi rubutu a saman allo rigar ba ta bi hannun sama ba. Akwai shafin wata da kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka, an ɗora mata ado a hagun har ya zama kamar da gangan ta tsaya haka. Akwai shafin wata baiwar Allah da likitoci suka cire mata nono ɗaya, ta yi wata takwas ba ta leƙa waje ba. Gwaggo ta zana mata tattarar da ta faɗo daga kafaɗa ta rufe gefen, matar ta sa rigar, ta tafi kasuwa da ƙafarta a ranar. Marigayi bai taɓa maimaita riga ba. Shafi ɗari biyu da arba'in, mata ɗari biyu da arba'in, babu biyu iri ɗaya.

Ba mai yawan magana ba ne. Abin da muka sani na muryarsa uku ne. Akwai "dif" ɗin da yake yi idan Gwaggo ta sauke shi a tebur da safe, wanda ke nufin hira ta ƙare. Akwai "ƙyas-ƙyas" ɗin fil-fil idan an juya shafi suna gogar juna. Akwai kuma "fuu" ɗin da shafi ke yi idan ya kwanta a kan ɗan'uwansa, ya turo warin tsohon yadi da man keke. Ina da shekara bakwai na fara jin su daga ƙarƙashin teburin nan, inda nake tsintar ƙyallaye. Abin da ya sa na je makarantar koyon zanen tufafi ke nan, ko da yake na daɗe ban yarda da hakan ba.

Ciwon ajalinsa ya soma ne ranar da idon Gwaggo ya gaza, ta damƙa shago a hannun ɗanta, Yayana. Yaya ya iya ɗinki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Layinsa miƙaƙƙe ne kamar an ja da zare. Abin da bai iya ba shi ne kallo. A wata na farko ya sauke allon shago ya ɗora sabo mai wani suna na ƙasar waje da shi kansa sau biyu na ji ya faɗe shi daban-daban, ya rubuta a ƙasa cewa mu masu ƙirƙirar salo ne. A wata na biyu Jan Littafi ya tashi daga tebur ya koma saman kwaba, waya ta zauna a wurinsa. Mace za ta shigo, ta miƙo hoton wata mawaƙiya ko wata mai rawa, ta ce irin wannan sak. Yaya ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya ce an gama. Ba wadda aka sake cewa ta taka zuwa taga.

Daga nan jiki ya yi ta tsanani, domin ba a sauko da shi sai don wani aiki daban. Mai Guga, dattijon da ke mana guga tun zamanin Gwaggo, ya ga littafin ya dace da ajiye dutsen guga mai zafi, sai ga tambarin ƙuna uku a bangonsa. Anti Mai Duwatsu, wadda ke manna duwatsun ado a wuyan riguna, ta mayar da bayansa wurin goge gam. An ɗora masa kofin shayi, an tokare ƙafar fanka da shi, an kashe kyankyaso da shi. Duk wannan ya jure, domin bango ne kawai ke shan wuya.

Abin da ya kashe shi wani wuyan riga ne. Bara wata mawaƙiya ta fito da wuya mai lanƙwasa uku da ya zame daga kafaɗa, gari ya ɗauka. Irin wannan wuya ba ya yankuwa da ido. Sai an fara yanka siffarsa a takarda, a ɗora a kan yadi, a bi da alli. Wata rana takardar yankan shago ta ƙare, mai riga tana zaune tana jira, shagon sayar da takarda kuma yana can ƙarshen layi, tafiyar minti biyar. Yaya ya miƙa hannu saman kwaba ya yago shafi ɗaya. Sai ya gano takardar Gwaggo ta fi ta kasuwa: mai kauri ce, ba ta naɗewa, alli ba ya cinye bakinta. Tun daga ranar ba a sake sayen takarda a shagon nan ba. Ana cire fil, a jefar da ƙyallen a kwandon shara, a kifa zanen ƙasa don kada layin fensir ya rikita ido, a yanka. Wuya babba, wuya ƙarami, wuyan mai jiki, wuyan siririya. Da wani hannun riga ya shigo yayi, shi ma aka yanka masa. An huda kowanne an rataye a ƙusa a gefen madubi.

Ranar Litinin na je gaida Gwaggo, ta riƙe min hannu ta ce tunda na gama karatu, in ɗauko mata Jan Littafi, tana so ta ba ni shi da hannunta. Ta ce ba sai ta gani ba, yatsunta sun san kowane ƙyalle, za ta bi shi shafi-shafi ta gaya min matar da dalilin. Ta ce kwana arba'in za mu yi, shida a rana. Talata da hantsi na hau kujera na sauko da shi. Hannuna ne ya fara sani, don nauyin babu. Na sauke shi a tebur, bai ce "dif" ba. Na buɗe, na ga tushen shafukan a jere kamar dasashin da aka cire wa haƙora. Na waiwaya na ga ƙusar. Na ciro takarda ɗaya na juya bayanta, sai ga rabin kafaɗa da fensir, ga rubutun Gwaggo almakashi ya raba shi: "Daga matar da ke".

Zan rubuta abin da kowa ya ce, don kada gobe a canza.

Yaya bai ko ɗago daga keke ba. Ya ce, "Farfesa, takarda ce fa. Wa ke sa irin waɗannan kayan yanzu? Ke da kika yi boko ai ke ya kamata ki fi kowa sanin duniya ta wuce nan."

Na ce, "Yaya, shekara talatin da biyar na idon mahaifiyarka ne ka rataye a ƙusa."

Ya ce, "To ai ga shi yana aiki. Da yana saman kwaba ƙura yake sha."

Mai Guga ya ɗaga hannuwa ya ce, "Ni dai 'yata ban taɓa yanka ko ɗaya ba. Dutse kawai nake ɗorawa." Anti Mai Duwatsu ta ce, "Wallahi raina bai so ba tun farko, amma na ga ana yi." Sannan ta roƙe ni in matsa daga hasken taga, gam ɗinta na bushewa.

Na ga ana yi. Wannan ita ce cutar, kuma ba shagonmu kaɗai ta kama ba. Ku bi layin nan ku ƙirga allunan da aka rubuta masu ƙirƙirar salo, sannan ku leƙa ciki ku ga mutum goma sun sunkuya a kan hoto ɗaya. Watan jiya na je wani taro na ga mata bakwai a jere da wuyan nan mai lanƙwasa uku, huɗu daga cikinsu ɗinkinmu ne. Ba wadda ta iya ɗaga hannu ta karɓi ruwa sai ta dafe ƙirji. Ɗaya ta wuni tana jan kafaɗa sama, ɗaya ta rufe nata da mayafi tun daga mota. Kuma ga abin da ya fi ba ni takaici: na ga yadda ake ɗaukar irin waɗannan hotuna a makaranta. Rigar da ke jikin matar da ke cikin hoton ba ta zauna mata ba ita ma. An tattare bayan da abin maƙale shanya, an manna wuyan a fatarta, an ce kada ta yi numfashi sai an ɗauka. Rigar da ba a taɓa tafiya a cikinta ba, ba a zauna ba, ba a ɗauki yaro ba, ita muke kwafa wa matan da za su hau mota su sauka su shiga kicin. Mun yanka rigunan da aka yi wa mutane domin mu kwaikwayi rigar da aka yi wa kyamara, muna kuma tafa wa kanmu wai mun waye.

Ba zan tsame kaina ba, don idan na tsame na zama Mai Guga. Shekara uku ina makaranta. A wayata akwai hotuna fiye da dubu uku na rigunan mutanen da ban taɓa gani ba, babu ko ɗaya na Jan Littafi. Ranar da malaminmu ya tambayi kowa wanda yake koyi da shi, na jero sunaye uku masu wuyar faɗa, don na ji kunyar in ce wata tsohuwa mai keken ƙafa da ke kallon masu kifi. Da na dawo sati uku da suka wuce, na cika shago da wa'azin a daina kwafa, ban hau kujera na duba ba. Kuma a satin farko, da aiki ya yi yawa, ni da hannuna na ciro takarda daga ƙusar nan na yanka wuya biyu da ita, ina yi ina mita. Ban juya bayanta ba. Wannan zai bi ni har kabarina, kuma ya dace ya bi ni.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan sanarwa ba. Jiya Laraba Yaya ya kira ni bayan shago, ya sassauta murya kamar mai shirin alheri. Ya ce, "Auta, ki saurare ni. Umma ba gani take ba. Mu sayi wani littafin mai kauri, mu sa masa tsohon bangon, mu tsinto ƙyallaye a kwando mu maƙala. Ta shafa, ta ji daɗi, shi ke nan. Me za ki ƙaru da shi idan hawan jininta ya tashi?"

Mutumin da ya kwafi wuya, ya kwafi hannu, ya kwafi sunan shago, yanzu zai kwafi littafin uwarsa ya miƙa mata, ya dogara da makantarta. Matar da ke gane yadi da ɗan yatsa tun kafin a haife shi. Za ta taɓa ƙyalle na farko ta san ba nata ba ne, kuma na san ta, ba za ta ce komai ba. Za ta yi murmushi ta ƙirƙiro labari don kada mu ji kunya, ta yi ta yi har kwana arba'in, ni kuma in zauna a gabanta ina gyaɗa kai. Na ce masa a'a. Ya ce taurin kaina zai kashe tsohuwa. Ina jin tsoron hakan, ba zan ɓoye ba. Amma gara ta yi kukan abin da ya faru da a mayar da ita abin wasa a ɗakinta.

Marigayi ya rasu ya bar shafi goma sha tara, waɗanda suka tsira don man keke ya jiƙa su har ba su yankuwa da kyau. Ya bar takardun wuya da na hannu guda sittin da uku a ƙusa, kowacce da guntun zane a bayanta. Sauran sun tsufa an share su. Ya bar gwangwani ɗaya na fil masu tsatsa, wanda Anti Mai Duwatsu ta adana saboda, a cewarta, fil abin amfani ne. Ya bar riguna da ban san adadinsu ba a akwatunan mata a faɗin garin nan, waɗansu har yanzu ana sa su, waɗansu 'ya'ya sun gada. Ya bar ɗa ɗaya da bai san abin da ya yi ba, da 'yar ɗan'uwa ɗaya da ta sani a makare. Ya kuma bar mai shi, tana zaune a bakin gado tana jira.

Ga yadda za a yi jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ɗakin Gwaggo. Na riga na kwashe takardun daga ƙusa, na jera su a cikin bangon tare da shafukan da suka rage, na naɗe a farin yadi. Gawar tana kan teburin yanka, kuma ba za a yi yanka a teburin ba sai an ɗauke ta. Yaya ne zai ɗauka, shi zai shiga da ita, shi zai gaya wa mahaifiyarsa da bakinsa abin da ya faru da kuma dalili, har da maganar tafiyar minti biyar. Ni zan tsaya a gefensa in faɗi nawa. Idan goma ta yi bai zo ba, zan karanta mata wannan takarda daga farko har ƙarshe, ba zan tsallake layin Laraba ba.

Ana roƙon duk matar da ke da rigar da Gwaggo ta ɗinka mata, ko ta ɗinka wa mahaifiyarta, ta zo da ita ko ta tsufa ko ta yage. Za a sa mata a hannu ta shafa, idan ta iya magana ta faɗi inda ta gano ta, ni kuma in zana. Ban san ko za ta yarda ba. Ban san ko za ta sake yarda da ɗayanmu ba. Masu zuwa ta'aziyya su sa duk abin da suka ga dama, amma wadda ta san wuyan rigarta daga ƙusar nan ya fito, ta yi wa Allah ta sa wata. Ba a buƙatar kowa ya ce min haƙuri, kuma wanda ya ce ai takarda ce zai koma daga bakin ƙofa.

Yau da safe na leƙa Gwaggo. Tana jin takuna ta ce, "Kin kawo?" Na ce, "Sai Asabar, Gwaggo. Yaya ne zai kawo miki da kansa." Ta yi dariya ta ce ashe yaron nan ya san darajar abu. Sannan ta ce in gaya masa ya tallafo shi ta ƙasa da hannu biyu, ɗinkin bayansa ya fara saki, kada wani shafi ya faɗi a hanya.

Yaya, na gaya maka.

Sanarwa daga autar shago, a madadin mai littafin da ba a gaya wa ba tukuna.